SUNA LINZAMI NE

Wannan jawabi ne da wani malamin Hausa ya yi wa ɗaliban ajin manya, maza da mata, a unguwar Tudun Wada cikin birnin Sakkwato. Da yawa daga cikin masu sauraro manoma ne da 'yan kasuwa da suka shigo daga ƙauyuka. An buga shi nan saboda waɗanda ba su samu zuwa ba. Wanda ya karanta ya daure ya karanta wa na kusa da shi.

Bayan sallama da gaisuwa, malamin ya fara da zancen ranar suna. Ya ce idan aka haifi jariri, sai ya kwana bakwai jama'a ba su san abin da za su kira shi ba. Ran suna uba ya raɗa wa liman, liman ya yi addu'a, sanƙira ya ɗaga murya ya faɗa wa taro. Daga wannan safiya an gama. Ko yaron ya girma bai so sunan ba, da shi zai amsa kira. Shi ya sa Hausawa ke cewa suna linzami ne.

Ya ce al'amuran mulki ma haka suke. Duk abin da ya faru a ƙasa, akwai mai raɗa masa suna, akwai kuma sanƙiran da ke shelanta shi. Mai raɗawa yakan zama gwamnati ko ɗan siyasa ko wani mai kuɗi. Sanƙira kuwa shi ne rediyo da jarida da mawaƙi, yanzu ga waya ta shigo. Kafin manomin Yabo ko Gwadabawa ya ga abu da idonsa, sunan abin ya riga ya shiga kunnensa. Kuma sunan yana zuwa ne da hukuncinsa a ciki, ko na yabo ko na zagi.

KALMAR BOKO

Malamin ya ce misali na farko yana cikin ajin da suke zaune. Turawa sun ci Sakkwato da yaƙi a watan Maris na 1903. A 1909 wani Bature da ake wa laƙabi da Ɗan Hausa ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano. Mutanen ƙasa suka dubi wannan sabon karatu, suka kira shi boko.

Wasu na zaton kalmar ta fito ne daga sunan littafi da Turanci. Masana harshe sun bincika sun ga kalmar Hausa ce tun da can. Boko shi ne abin da ba na gaske ba, wato algus. Tsofaffi sun san amaryar boko, wadda ake ɗorawa kan doki a rufe mata fuska alhali amaryar gaske tana wani wuri. Ke nan da aka ce karatun boko, an ce karatun ƙarya ke nan.

Waɗanda suka raɗa wannan suna suna da dalilinsu. Wanda ya ƙwace maka ƙasa jiya, yau ya ce kawo ɗanka ya koya masa karatu, dole ka yi shakka. Amma sunan ya daɗe fiye da dalilin. Bature ya tafi a 1960, kalmar tana nan tana hana iyaye sa 'ya'yansu makaranta. Malamin ya ce cikin masu sauraro akwai wanda sai da furfura ta fito masa ya riƙe fensir, kuma wannan kalma na daga cikin abin da ya jinkirta shi.

Hukuma ma ta mayar da martani da nata sunan. A farkon shekarun 1950 ta fito da shirin koyar da manya, ta kira shi Yaƙi da Jahilci. Shiri ne mai amfani, amma a dubi sunan. Malamin da ya haddace Alƙur'ani, yana rubuta wasiƙa da ajami, an wayi gari yana cikin lissafin jahilai don bai san baƙaƙen Bature ba. A Sakkwato kuwa, inda Nana Asma'u 'yar Shehu take tura jajojinta ƙauyuka da waƙoƙin ilimi don su karantar da mata 'yan taru tun kafin zuwan Turawa! Kowane ɓangare ya raɗa wa ɗan uwansa sunan da zai rage masa daraja.

JARIDA MAI SUNA GASKIYA

A watan Janairu na 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya. Malam Abubakar Imam ne editanta na Hausa. Daga cikin dalilan kafa ta akwai wata ji-ta-ji-ta da ta bazu a lokacin, wai Ingila za ta miƙa Nijeriya ga Jamus. Gwamnatin Turawa ta ga labari na yawo a kasuwa ba tare da izininta ba, sai ta nemi bakin da za ta yi magana da shi.

Jaridar ta yi wa Arewa aiki babba. Ta koya wa mutane son karatu, ta kuma buɗe fili talaka ya aiko wasiƙa ya faɗi kukansa. Amma malamin ya ce a lura da hikimar sunan. Wa zai yi jayayya da takardar da sunanta Gaskiya? Da yaƙin duniya na biyu ya ɓarke a wannan shekara, mai karatu a Arewa ya ga yaƙin ne ta tagar da Ingila ta buɗe masa. Daga baya, a shekarun 1950, aka yi wa larduna nasu ƙananan jaridu. Sakkwato ta samu Zaruma, Katsina Himma, Kano Sodangi. Su ma hukuma ce ke buga su.

SAWABA DA SALAMA

Ran 8 ga Agusta 1950 aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, wadda Malam Aminu Kano ya zo ya shugabanta. Kalmarta ita ce sawaba. Jam'iyyar Mutanen Arewa, wato NPC ta su Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa, kalmarta salama.

Malamin ya tambayi taro, wa ke ƙin sawaba, wa kuma ke ƙin salama? Babu. Amma a wancan zamani waɗannan kalmomi biyu sun raba wa da ƙane. Wanda ya ce sawaba yana nufin talaka na cikin ƙunci a hannun En'e, da haraji da jangali da aikin tilas, dole a sauƙaƙa masa. Wanda ya ce salama yana nufin ƙasa na zaune lafiya ƙarƙashin sarakunanta, kada marasa ladabi su tayar da fitina. Abu ɗaya suke kallo, wato mulkin En'e, kowa ya ba shi sunan da zai ja mutane wajensa.

Kalmar talaka ma ta sauya a lokacin. Da can talaka shi ne wanda ba ya riƙe da sarauta, ko da yana da garken shanu. 'Yan NEPU suka ɗauke ta suka mai da ita tuta, har mutum ya riƙa bugun ƙirji yana cewa shi talaka ne. Wata mata 'yar Zariya ta sha ɗauri saboda wannan aƙida, har kalmar jam'iyyar ta zama sunanta, Hajiya Gambo Sawaba. A lokacin matan Arewa ba su da ikon jefa ƙuri'a. Sai a 1979 suka zaɓi shugaban ƙasa karo na farko.

Saboda yawancin masu zaɓe ba su karatu, sai aka haɗa musu da hoto. NPC fartanya, NEPU tauraro. A zaɓen tarayya na 1959 NPC ta samu kujeru 134, NEPU ta samu 8. A 1979 aka ga gida da masara na NPN, jam'iyyar Alhaji Shehu Shagari, da mabuɗin PRP. A 1993 doki da gaggafa. Daga baya lema da tsintsiya. Ba a zaɓi waɗannan hotuna da ka ba. Mai fartanya yana ce wa manomi shi nasa ne. Mai tsintsiya yana cewa gida ya yi datti, tun kafin ya buɗe baki.

TAZARCE

Malamin ya ce idan ana son ganin ƙarfin kalma ɗaya, a dubi tazarce. A 1998 magoya bayan Janar Sani Abacha suka so ya tuɓe kaki ya ci gaba da mulki a farar hula. A watan Maris aka yi babban gangami a Abuja. A watan Afrilu jam'iyyu biyar da ake da su duk suka tsayar da shi ɗan takara. Da Hausa ba a ce soja zai ƙi sauka ba. Sai aka ce ta zarce.

Kalma ce mai daɗin ji. Zarcewa aikin mai himma ne, kamar manomin da ya kai ƙarshen kunya bai tsaya ba ya shiga ta gaba. Babu maganar doka a cikinta, babu maganar alkawarin da aka yi na miƙa mulki. Ko sunan mai zarcewar ba ta ambata ba. Har teloli suka sa wa wani ɗinkin kaftani sunan. Abacha ya rasu ran 8 ga Yuni 1998, amma kalmar ba ta bi shi ba. An sake jin ta lokacin da aka nemi ƙara wa Obasanjo zango na uku, abin da majalisar dattawa ta kashe a watan Mayu na 2006.

Sannan ta tsallaka iyaka. A Nijar tsarin mulki ya ba Shugaba Mamadu Tanja zango biyu. Magoya bayansa suka ɗauki wannan kalma dai, suka ce a bar shi ya ƙarasa ayyukan da ya fara. Ran 4 ga Agusta 2009 aka yi ƙuri'ar raba gardama da ta ƙara masa shekara 3. 'Yan adawa kuwa suka kira abin juyin mulki ga tsarin mulki. Ran 18 ga Fabrairu 2010 soja suka kifar da shi. Mutumin Illela da ɗan uwansa na Birnin Ƙonni sun ga yadda kalma ɗaya ta yi aiki a ƙasashe biyu.

Haka ma maganar man fetur. Ran 29 ga Mayu 2023 aka ce an cire tallafi. A gidan mai kuwa abin da mai babur ya tarar shi ne litar da bai kai naira 200 yake saye ba ta koma wajen naira 500. Cire tallafi sunan da gwamnati ta ba abin ne. Ƙarin kuɗin mai sunan da aljihu ya ba shi. Duka biyun gaskiya ne, amma wanda ya ji ɗaya kawai rabin labari ya ji.

REDIYON NAN NA WANE NE?

Daga nan malamin ya nuna wajen gidan Rediyon Rima, wanda ke cikin wannan unguwa ta Tudun Wada. Ya ce gida ne mai amfani. Da shi manomi ke jin sanarwar taki da rigakafi da ganin wata. Amma na gwamnatin jiha ne, kamar yadda Rediyon Kaduna da aka buɗe a 1962 ya fara a matsayin na gwamnatin Jihar Arewa. Daga 1999 zuwa yau Sakkwato ta ga Bafarawa da Wamakko da Tambuwal da Ahmed Aliyu, kuma jam'iyyar da ke mulki ta sauya ba sau ɗaya ba. Mai sauraro da ya daɗe da rediyonsa ya san wanda ake kira ɗan adawa bana yana iya zama mai girma gwamna baɗi. Gidan rediyon gwamnati a ko'ina yake ba a rasa jin muryar mai gida a cikinsa.

Na ƙasashen waje fa? BBC ta fara Hausa a 1957, Jamus a 1963, Muryar Amurka a 1979, Faransa a 2007. Mutanen karkara sun amince da su ƙwarai, don sau da yawa su ke faɗin abin da na gida suka yi shiru a kai. Amma ƙasa ba ta kashe kuɗinta tana magana da harshen wasu don Allah da Annabi kawai. A watan Maris na 2025 gwamnatin Amurka ta tsuke bakin jaka, sai aka ji Muryar Amurka ta yi tsit. Masu mulki ma sun san ƙarfin waɗannan gidaje. Sojan da suka karɓi mulki a Nijar sun rufe rediyon Faransa a watan Agusta na 2023, sun kuma dakatar da BBC na wata 3 a Disamba 2024.

Ga kuma gidajen rediyo masu zaman kansu, inda ɗan siyasa ke sayen fili ya sa yaransa su yi ta yabonsa suna sukar abokin hamayya. A Kano ana ce musu sojojin baka. Wasunsu akwai iya zance, har mutum ya manta abincinsa na hucewa. Sai dai kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A farko ko ƙarshen irin wannan shiri akan faɗi wanda ya ɗauki nauyinsa. Wannan 'yar sanarwa da ake faɗa da sauri ita ce ta fi cancanta a kasa mata kunne.

SUNAN DA KE KISA

A nan malamin ya sassauta murya. Ya ce duk abin da ya gabata maganar ƙuri'a ce, wannan kuwa maganar rai ce.

Mutanen Isa da Sabon Birni da Goronyo da Rabah sun san abin da ya same su a 'yan shekarun nan. Masu wannan ta'asa an kira su da sunaye da yawa. Da fari ɓarayin shanu. Sannan 'yan bindiga, ko 'yan fashin daji. A watan Nuwamba na 2021 wata babbar kotun tarayya a Abuja ta ce 'yan ta'adda ne, gwamnati ta buga hukuncin a watan Janairu na 2022. Kowane suna da maganin da yake kira. Ɓarawon shanu aikin ɗan sanda da alƙali ne. Ɗan ta'adda aikin soja da jirgin yaƙi ne. Shekarun da aka yi ana ce musu ɓarayin shanu, na birni sun ɗauka ƙaramar magana ce ta mutanen daji.

Amma akwai suna mafi haɗari, wanda ba kotu ce ta raɗa shi ba. Shi ne a bar cewa 'yan bindiga a kama sunan ƙabila. A ce Fulani sun kai hari, ko a ce Hausawa sun kashe mutane. Da zarar an faɗi haka, laifin mutum hamsin ya hau kan mutum miliyoyi. Mai tallar nono da ta shekara ashirin tana zuwa ƙofar gida ta zama abar tsoro. Makiyayin da shi ma aka kore masa shanu ya zama abin farauta. Manomin da bai taɓa riƙe bindiga ba ya zama abokin gaba a idon na daji.

An ga haka a jihar nan. A watan Oktoba na 2021 'yan sa-kai suka kashe Fulani 11 a kasuwar Mamande ta ƙaramar hukumar Gwadabawa. Cikin wannan wata dai 'yan bindiga suka buɗe wuta a kasuwar Goronyo, mutum sama da 40 suka mutu. A wuraren biyu, waɗanda suka mutu cin kasuwa suka je.

Ya ba da labarin Ruwanda, wata ƙasa a tsakiyar Afirka. A can wani gidan rediyo ya daɗe yana kiran 'yan ƙabilar Tutsi kyankyasai, yana haɗawa da kiɗa da barkwanci don matasa su saurara. A 1994, cikin kwana 100, aka kashe mutum wajen 800,000, da yawansu a hannun maƙwabta masu adda. Wanda aka saba masa da jin maƙwabcinsa ƙwaro ne, ba ya jin nauyin take shi. A 2003 kotun duniya da ta zauna a Arusha ta ɗaure manyan wannan gidan rediyo, ko da yake makaminsu magana ce.

Malamin ya ce a ƙasar Sakkwato da wuya a samu gidan da za a tsaga a ce nan Hausa zalla, nan Fulani zalla. An yi auratayya, an yi unguwa ɗaya, an bi liman ɗaya. Don haka duk mai ba da labarin hari, a rediyo ne ko a majalisar shayi, ya kira mai laifi da laifinsa. In an san sunansa da dajin da yake, a faɗa.

SANƘIRA A ALJIHU

Wayar hannu ta shigo Nijeriya a 2001. Yau ko wanda bai iya karatu ba yana karɓar saƙon murya ta WhatsApp, ya kuma tura wa mutum ashirin kafin ya gama kurɓar kunu. Rediyo ko ba komai an san gidansa, an san shugabansa, ana iya kai ƙararsa. Saƙon murya kuwa ba uwa ba uba.

A watan Agusta na 2014, lokacin cutar Ebola, saƙo ya zaga cikin dare wai a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Mutane suka tashi 'ya'yansu daga barci. Wasu suka kwanta asibiti, wasu suka rasa ransu, alhali cutar ba ta ko iso Arewa ba. Haka aka yi ta yaɗa wai Shugaba Buhari ya rasu an kawo wani Jibrin daga Sudan ya maye gurbinsa, har a watan Disamba na 2018 shi da kansa ya fito ya ƙaryata. Yanzu kuma na'ura na iya kwaikwayon muryar mutum ta sa shi faɗin abin da bai faɗa ba. Akan kuma ɗauko hoton wani tsohon rikici na wata ƙasa a ce jiya ne a ƙauyen kaza. Da can ana cewa gani ya kori ji. Yanzu ganin ma sai an bincika.

Da aka ba da filin tambaya, wani dattijo ya ce to wace rediyo ce za a yarda da ita? Malamin ya ce, "Baba, kamar awo ne a kasuwa. Ba ka sayen gero a bakin mai mudu na farko, sai ka zaga ka ji farashi." Ya ce labarin da ya shafi rai ko ƙuri'a a ji shi a gida biyu ko uku waɗanda ba mai su ɗaya ba. A lura da sunan da kowanne ya ba abin, da abin da wani ya faɗa wani ya tsallake. Saƙon da ya ƙare da a tura wa kowa da gaggawa, a bar shi ya kwana tukuna.

Wata mata ta ce su da ke ƙauye, abin da suka yarda da shi ko suka ƙi, me zai sauya? Malamin ya ce, "Hajiya, tuna zaɓen gwamnan jihar nan na 2019." An kaɗa ƙuri'a aka ce zaɓe bai kammala ba, aka sake a wasu rumfuna. Da aka gama ƙidaya Aminu Waziri Tambuwal ya samu 512,002, Ahmed Aliyu ya samu 511,660. Bambancin ƙuri'a 342 ne. Ya ce masallacin Juma'ar ƙauyenta kaɗai yana ɗaukar fiye da haka.